Itace, gawayi ko gas: wace wuta ce ta fi sauƙi ga magidanci a Katsina?

A watan Nuwamban 2021, a taron sauyin yanayi na birnin Glasgow, marigayi Muhammadu Buhari ya yi wa duniya alkawarin cewa zuwa shekarar 2060 Najeriya za ta daina ƙara wa sararin samaniya hayaƙin da ke ɗumama duniya. Da shekara ta zagayo gwamnati ta fito da tsarin cika alkawarin, aka yi masa kuɗi dala tiriliyan 1.9, kuma cikin fannoni biyar da aka lissafa har da girki. Nufin a fili yake: a raba mata da itace da gawayi, a mayar da su kan gas, daga bisani a kai su kan lantarki. Waɗanda suka tsara takardar suna Abuja. Mai sayen tukunyar gas ɗin kuwa yana Ƙofar Marusa ko Sabuwar Unguwa, ko can Daura bayan kasuwa, da kuɗin cefanen da aka riga aka ƙidaya tun da asuba.

Ni dai ban ga hujjar ɗora wa talakan Katsina laifin ɗumamar duniya ba. Afirka kaf ɗinta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin man fetur da kwal da duniya ke fitarwa. Ƙasashe masu arziki da suka yi alkawarin ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara don tunkarar sauyin yanayi a taron Copenhagen na 2009, wa'adinsu 2020 ne, amma ko a lissafinsu sai 2022 suka cika. Saboda haka duk wanda zai zaɓi wutar girkin gidansa, ya zaɓa da aljihunsa da lafiyar iyalinsa, kada wani ya sa shi jin kunya. Sai dai akwai ɓangaren maganar da ba sai Bature ya faɗa mana ba. Katsina na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, waɗanda shirin Babbar Katangar Bishiyoyi ta Afirka ya ratsa. Dattijon da ya san hanyar Daura zuwa Zango shekaru arba'in baya zai faɗa maka abin da ya ɓace a gefenta. Duk bishiyar da ta tafi, kuɗinta na dawowa ne cikin farashin ƙullin itace, kuma mu ke biya.

Gardamar itace da gas ba ta ƙarewa a majalisa saboda kowa da ma'auninsa: wannan yana maganar ƙulli, wancan buhu, ɗayan kilo. Ga ma'auni ɗaya da zai haɗa su. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kusan ninka na busasshen itace sau uku. Sannan a murhun duwatsu uku, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai na zafin ke shiga tukunya, sauran iska ke kwashewa. Kurfotin gawayi na kai kusan rubu'i, gas kuwa ya haura rabi. In aka haɗa biyun, kilo 1 na gas yana yin aikin itace wajen kilo 12 a murhun gargajiya, ko gawayi kilo 3 da rabi. A ce yau ana sayar da kilon gas Naira 1,200 a unguwarku. To in kana sayen itace sama da Naira 100 kilo, ko gawayi sama da Naira 340, gas ya fi maka araha ko da zuciyarka ba ta yarda ba. Ka ɗauki ƙullin da aka saba saya maka, ka kai wa mai gas ko mahauci ya ɗora a sikeli. In ƙullin Naira 200 bai kai kilo 2 ba, ka ga inda kuɗinka ke bi. Farashi zai canza kafin wata ya mutu, amma 12 da 3 da rabi suna nan.

Itace na da abin da ya riƙe mutane da shi, kuma ba jahilci ba ne. Na farko, ba ya neman jari. Duwatsu uku ko tsohon murhun ƙarfe na maƙera, shi ke nan. Mai neman na yau ya ci yau zai iya sayen na ɗari biyu da safe, ya ƙara na ɗari biyu da la'asar in Allah ya kawo. Na biyu, tuwo. Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli ana tuƙa tuwon mutum goma sha biyar ba, ba zai gane ba. Tukunya ce mai faɗin gindi, ta zauna daram tsakanin duwatsu. Uwargida ta yi talge, ta bar shi ya ɓararraka, ta zuba gari, ta kafa ƙafa ɗaya, ta riƙe bakin tukunya da tsumma, ta danna muciya da dukan ƙarfinta. In tana son wuta ta ja baya don tuwon ya turara, sai ta zare itace biyu ta yayyafa musu ruwa, gobe su sake amfani. A ɗora wannan tukunya a kan ɗan gas mai kilo 6, wanda ake ɗaura masa kai a saman tukunyarsa, tuƙi biyu za a yi ta goce. Haka dafa wake, da ganda, da ƙafar saniya, da dafa ƙullin fura. Haka ruwan wankan jego, wanda ake tafasawa safe da yamma har a yi arba'in, shi ya sa tanadin itace ke cikin abin da maigida ke fara yi tun ciki na wata bakwai. Duk wani tsarin raba mu da itace da bai yi lissafin jego ba, a takarda zai tsaya.

Amma arahar itace ta fara zama labari. Marke da ƙirya masu riƙe wuta sun yi nisa. Abin da ya fi yawa a hannun masu faskare yanzu bedi ne da turare da sauran tarkace, masu ci balbal su mutu. Dajin Rugu da ke gefen Batsari da Safana da Ɗanmusa, ba kowa ke iya shigarsa ba saboda 'yan bindiga. A ƙarshen watan Agustan 2021, cikin matakan tsaron da gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa, har da hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, kuma ranar nan mutanen birni suka gane cewa wutar madafarsu ma tana da alaƙa da tsaro. Sai ga cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. An cire shi ne don kuɗin gwamnati, ko da yake masu fafutukar yanayi a waje sun daɗe suna kiran a yi hakan. Ko ma don me aka yi, itace a mota yake zuwa, mota kuma mai take sha. Na ji wani maƙwabcina yana ciniki da tsohon da ke faskare a bakin layinmu.

"Baba, wannan ƙullin ai ya rame."

"Alhaji, iccen na nan yadda ka san shi. Dajin ne ya yi nisa."

Sannan akwai kuɗin da ba ya fita daga aljihun maigida, shi ya sa ba ya shiga lissafinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Ciwon huhu, tarin da ba ya jin magani, yanar ido, hawan jini da ciwon zuciya duk suna cikin abin da yake jawowa. Mace na durƙushe tana hura ɗanyen itace da damina a ƙaramar madafa marar taga, ga goyo a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Maigida na ganin ya yi tsimin Naira ɗari uku, bayan wata biyu ya kai dubu goma kemis, kuma ba zai taɓa haɗa biyun ba. In za a yi adalci, shawarar wutar girki ba ta mai biya kaɗai ba ce, a tambayi mai hurawa.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da nake ganin ya fi komai riba a kan kuɗi kaɗan, kuma shi aka fi rainawa: a bar itacen, a canza murhun. Murhu mai tsimin itace ba wani sihiri ba ne. An killace wutar ne ta yadda iska ba ta kwashe ta, an bar mata ƙofa ɗaya ta shan iska, tukunya kuma ta nutse ciki har wuta na lasar gefenta. Mafi sauƙinsa na laka ne, a cuɗa yumɓu da ciyawa ko ƙaiƙayi da kashin jaki, a gina daidai gindin tukunyar gidan. Tun 2014 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri da ƙungiyar Oxfam ta jagoranta a ƙananan hukumomi bakwai, wato Daura, Baure, Zango, Sandamu, Mai'aduwa, Dutsi da Mashi, inda aka koyar da gina irin waɗannan murahu tare da dashen itatuwa, don haka a ƙasar Daura ba a rasa wanda ya iya. In an gina shi da kyau yana rage itace da sulusi zuwa rabi. Koma kan lissafinmu na ɗazu: in ya rage rabi, kilon gas ya zama daidai da itace kilo 6 ke nan, kuma sai itace ya haura Naira 200 kilo kafin gas ya kamo shi. Aibinsa, yana tsagewa, ruwan sama na cinye shi in ba a rufe ba, ba a ɗaukarsa a koma inuwa, kuma kowace tukunya da nata ramin.

Akwai na ƙarfe mai suna Save80, wanda ƙungiyar atmosfair ta Jamus ke ƙerawa a Kano. Masu shi sun ce yana rage itace da kashi 80 cikin 100, ƙirare yake ci, kuma yana zuwa da tukunyarsa da wani akwatin riƙe zafi da ake saka shinkafa ko wake bayan sun tafasa su ƙarasa nuna ba wuta. Nan ne kaɗai na ga kuɗin sauyin yanayi na gangarowa zuwa ga talaka maimakon su fita daga gare shi: kamfanoni da matafiya a Turai na biyan diyyar hayaƙin da suke fitarwa, da kuɗin ake rage farashin murhun. Duk da ragin, kuɗinsa dunƙule ne, ba na mai cefanen kullum ba sai ta adashi ko biya kaɗan-kaɗan. Ga kuma aikin da ba a faɗa wa mutum: dole a tsattsaga itacen ƙanana kamar yatsu, a zauna kusa ana ciyar da wutar. Matar da ta saba cusa gungume ta tafi wanki za ta yi mita makon farko. Dabarar akwatin kuwa ba sai an saya ba. Kwando da tsohon bargo ko buhun da aka cusa wa ƙaiƙayi suna yin aikin. A jiƙa wake tun dare, a tafasa shi minti goma sha biyar, a naɗe tukunyar ruf, bayan awa uku a buɗe.

Gawayi shi ne wanda na fi ƙi, kuma shi ne ya fi samun kasuwa tun da gas ya yi tsada. Na san dalili. Ba ya baƙanta tukunya, ba ya sa hawaye, ana iya girki da shi a barandar gidan haya ba tare da maƙwabta sun yi magana ba, kurfoti kuma ba shi da tsada. Amma a duba ledar da yaro ke sayowa. Manyan guda uku ko huɗu ne a sama, ƙasa gari ne da tsakuwa, wani lokaci da danshi don ya yi nauyi. Kafin ya kama sai an ƙona leda ko an tsiyaya kananzir, a yi ta fifita, in an sauke tukunya kuma sauran garwashin ya ci gaba da ci a banza. Masu sayen leda-leda, in suka auna, da yawansu za su tarar sun wuce farashin gas tuntuni. Wanda ke iya sayen buhu ne kawai ke ganin sauƙinsa.

Ta fuskar daji kuwa ɓarnarsa ta fi ta itace. A ramin gargajiya da ake turara shi, sai an ƙona itace kilo 5 zuwa 10 kafin a sami gawayi kilo 1. A ɗauki tsaka-tsaki, kilo 7: girkin da zai ci itace kilo 12 kai tsaye, in da gawayi aka yi shi ya ci wajen kilo 24 a daji. Kuma mai gawayi ba ya tsintar busasshen reshe, ɗanyar bishiya mai tauri yake kayarwa, ƙirya da marke, har kaɗanya da ɗorawa da mata ke ci da 'ya'yansu. Ga haɗarin hunturu. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari marar launi, mutum ya kwanta jin ɗumi ya wuce daga barci. Kusan kowace shekara sai an ji irin wannan labari a Arewa. Wanda ya zama dole ya yi amfani da gawayi, ya nemi kurfoti mai laka a ciki, ya sayi buhu ko su haɗa kuɗi da maƙwabci su raba, kuma kada ya kwana da shi a ɗaki ko da sanyi zai tsaga dutse.

Saura gas, wanda gwamnati ke so kowa ya koma. A wajen aiki ba shi da na biyu. A murɗa, a ƙyasta, ruwan shayi ya tafasa kafin yara su gama sa kayan makaranta. Ba toka, ba hayaƙi, ba wankin baƙin tukunya da yashi. Da azumi, lokacin sahur, duk macen da ta taɓa amfani da shi ba ta son komawa. Kuma duk da cewa daga ɗanyen mai da iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa ake samunsa, ga ƙasa irin tamu da ake sare bishiya ba a mayarwa, ya fi itace da gawayi sauƙin illa ga yanayi.

Matsalarsa biyu ce, kuma dukansu na kuɗi ne. Ta farko ƙofar shiga: tukunya, da kan girki, da tiyo, da abin daidaita fitarsa, duk a biya rana ɗaya. Ta biyu, farashinsa na bin dala. Da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, kilon gas ya wuce Naira 1,000, gidaje da yawa suka tura tukunyarsu ƙarƙashin gado suka sayi kurfoti. Gwamnati ta cire masa harajin kayan masarufi, amma hakan bai taɓa dala ba, bai kuma rage nisan hanya ba, don a tanka ake jawo shi daga kudu, tafiyar fiye da kilomita dubu. A farashin misalinmu, cika tukunya mai kilo 12.5 Naira 15,000 ne, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024. Abin takaicin shi ne ma'aikacin da zai iya fitar da dubu goma sha biyar a dunƙule yana girki da araha fiye da ɗan acaɓan da ke sayen gawayin ɗari uku sau biyu a rana. Tsadar talauci ke nan. Abin da ya ɗan sassauta shi ne masu shagunan unguwa na zuba na kilo ɗaya ko na dubu ɗaya, sai dai kilonsu ya fi na babbar tasha tsada.

In za ka sayi gas, ka tsaya a kan sikeli. A jikin kowace tukunya an rubuta nauyinta ba komai a ciki. A auna ta a gabanka kafin a zuba, a sake aunawa bayan an zuba, bambancin shi ne abin da za ka biya. Ka duba shekarar da aka ƙera ta, don a ƙa'idar Najeriya shekara 15 ne wa'adinta, kuma kasuwa cike take da tsofaffin da aka shafa wa sabon fenti. Tsoron da iyayenmu mata ke yi wa gas ba na banza ba ne, amma akasarin gobararsa daga tsagaggen tiyo ne da sakaci. A shafa ruwan sabulu a mahaɗa, in ya yi kumfa yana yoyo. In an ji warinsa kada a kunna fitila ko a ƙyasta ashana, a buɗe ƙofa da taga, a rufe kan tukunyar. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka a ajiye tukunyar a tsaye inda iska ke ratsawa, nesa da murhun itace in ana haɗa biyun a madafa ɗaya.

Kananzir ba sai an ɓata lokaci a kansa ba. Tun da aka janye tallafinsa a 2016 yake hawa, lita ta haura Naira dubu, risho ya zama kayan tarihi. Lantarki kuwa shi ne ƙarshen tafiyar a takardar gwamnati, amma wa zai ɗora tuwon dare a kan wutar da ba ta da alkawari? A watan Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta mafi yawan awoyi a rana, Naira 225 kowane ma'auni, a watan Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Mu da muke wucewa ta Lambar Rimi muna ganin fankokin nan 37 da aka faro maganarsu tun Umaru Musa 'Yar'aduwa na gwamna, don samar da megawat 10 na lantarki daga iska, mun san tazarar da ke tsakanin tsari da wuta a soket.

To wa ya kamata ya ɗauki me? Ango da amarya, ko mai 'ya'ya biyu uku a gidan haya cikin birni, gas ne nasu ba tantama, kuma su sayi mai kilo 6 ko 12.5 tun cikin kayan ɗaki, a rage kwanukan jere da ba a taɓa ci a ciki ba. Tukunyarsu ƙarama ce, girkinsu gajere, kuma madadinsu gawayin leda ne, wanda ya fi tsada. Babban gida mai mata biyu ko uku da yara goma sha, kada su bari a ruɗe su da cewa sai ɗaya. Su raba aikin bisa tukunya: murhun laka ko na ƙarfe mai tsimi don tuwo da wake da ruwan wanka, ƙaramin gas don shayi, ɗumame, miya da abincin baƙon da ya zo ba shiri. A irin wannan gida sai an fayyace tun farko yadda za a riƙa cika gas ɗin da wadda ke da girki, in ba haka ba ranar da ya ƙare a hannun amarya za a ji abin da ba a so. Itacen kuma a saye shi da yawa, kura ko amalanke, tun cikin bazara kafin ruwa ya sauka, a jibge a inuwar da ba ta yoyo. Busasshen itace kaɗai, ba tare da an canza komai ba, yana rage hayaƙi da yawan abin da ake ƙonawa.

Mai sana'ar ƙosai ko waina ko awara ita ce ta fi kowa saurin mayar da kuɗin murhu mai tsimi, domin wutarta na ci awa huɗu biyar kullum, duk itacen da ta rage riba ce a ranar. Masu shayi da indomi da yawa sun riga sun koma gas da kansu ba wanda ya yi musu wa'azin yanayi, saboda wutarsu ta kunna-kashe ce. Mai tsire da mai balangu kuwa a ƙyale su, sana'ar ba ta yiwuwa sai da garwashi.

Mutumin ƙauye mai gonar kansa lissafinsa daban ne, domin gas a wurinsa har da kuɗin mashin zuwa gari a cika. Yana da kara, amma karan da aka ƙone a murhu shi ne wanda da zai rufe ƙasa daga iskar bazara ko ya ciyar da dabba, kashin shanun da aka ƙone kuma taki ne aka hana gona a lokacin da buhun na zamani ya gagari mutane. Mafitarsa na can tsallaken iyaka, wurin 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980, bayan farin da ya cinye dashen gwamnati, manoma a can suka daina tumɓuke kututturen da ke tohowa a gona lokacin sassabe. Sai su zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture su bari, su sare sauran. Saiwar na nan da ranta a ƙasa, don haka ba raino, ba ban-ruwa, ba kuɗin sayen dashe. Ta haka aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, da bishiyoyi kusan miliyan 200. Sabara da kalgo na ba da ƙirare tun shekarun farko daga abin da ake sassaftawa, gawo kuma na zubar da ganyensa da damina, ba ya hana gero rana, ga taki a gindinsa. Kuɗin da manomi zai biya a nan na tsaro ne: awakin da ake saki da rani, da masu gatari da ke bi da dare, abin da sai mai unguwa da dagaci sun sa baki ake iya maganinsa. Wanda ke noma gonar aro ko ta haya kuma, kafin ya bar ko da kututture ɗaya, ya zauna da mai gonar gaban shaidu a yanke wa ke da reshe, wa ke da gindi.